Littafin da Ya Gaji Malamai Goma: Tarihin Ibadar Mabiya Sikh



Yawancinmu a finafinan Indiya muka fara ganinsu: direban babbar mota ko soja mai naɗaɗɗen rawani da cikakken gemu, sunansa kuma ya ƙare da Singh. Wasunmu sun ɗauka Musulmi ne saboda rawanin, wasu suka ce ai wani reshe ne na Hindu. Duka biyun kuskure ne, domin kama da wane ba ta wane. Wannan kuskure ya taɓa cin rai. Ranar 15 ga Satumba, 2001, kwana huɗu bayan harin da aka kai Amurka, wani mutum ya harbe Balbir Singh Sodhi a bakin gidan mansa a garin Mesa na jihar Arizona, don ya ga rawani da gemu ya yanke hukuncin cewa ya samu ɗan'uwan maharan. Sodhi mabiyin addinin Sikh ne daga Punjab.

Mabiya wannan addini sun haura miliyan 25 a duniya. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta samu kimanin miliyan 20.8, mafi yawansu a jihar Punjab, sai kuma manyan al'ummomi a Kanada da Birtaniya da Amurka. Abin da ya ja hankalinmu gare su shi ne matsayin da suka ba rubutu. Jama'a ce da ta yi shugabanni goma a jere, sannan na goman ya miƙa kujerarsa ga littafi. Sai mun bi yadda aka kai ga haka kafin mu fahimci abin da Basikhe yake yi daga asuba zuwa dare.

Daga rumbun hatsi zuwa Kartarpur

An haifi Guru Nanak a 1469 a ƙauyen Talwandi, yamma da Lahore, wanda yanzu ake kira Nankana Sahib a ƙasar Pakistan. Iyayensa Hindu ne, ƙasar kuwa tana hannun sarakunan Musulmi na gidan Lodi. Da ya girma ya yi aikin ma'ajin rumbun hatsi na hakimi Daulat Khan Lodi a garin Sultanpur. Littattafan labarin rayuwarsa, waɗanda ake kira janamsakhi, sun ce wata asuba ya shiga rafin Bein wanka ya ɓace kwana uku, da ya fito sai ya fara shelar cewa a wurin Mahalicci rabuwar Hindu da Musulmi ba ita ce abin dubawa ba. Daga nan ya shiga yawon duniya na shekaru masu yawa tare da abokinsa Mardana, Musulmi makaɗin rabab, wato wani irin molo. Nanak yana rera waƙa, Mardana yana kaɗawa. Ke nan tun ranar farko koyarwar ta zo ne cikin waƙa, kuma da harshen da manomi da 'yar kasuwa suke ji, a lokacin da Sanskrit ke hannun malaman Hindu, Farisanci kuma ke fada.

Abin da ya koyar bai da wuyar faɗa. Ubangiji ɗaya ne, ba shi da siffa, ba a haife shi ba, ba ya mutuwa, ba a sassaƙa masa gunki. Abin da ya shiga tsakanin mutum da Shi shi ne haumai, wato son kai da ganin "ni ne", kuma daga gare shi ne ɓarayi biyar suke fitowa: sha'awa, fushi, haɗama, maƙalewa ga duniya, da girman kai. Nanak ya yarda da aƙidar da ta yaɗu a Indiya cewa rai yana ta dawowa duniya cikin wani jiki gwargwadon aikinsa, sai dai ya ce kuɓuta daga wannan zagaye tana samuwa da falalar Ubangiji da ambaton sunansa. Ya ƙi gudun duniya irin na masu shiga daji. A ganinsa mai aure, mai sana'a, mai ciyar da iyali shi ne a kan hanya.

Wajajen 1520 ya zauna a Kartarpur a bakin kogin Ravi, ya kama noma. A nan aka fara tsarin da ake bi har yau: tashi da asuba a yi waƙoƙin yabo, a tafi gona, a dawo da yamma a sake taruwa, a ci abinci tare. Mabiyansa suna taƙaita koyarwar cikin abu uku: ambaton Suna, cin halaliyar gumi, da raba abin da aka samu da wasu. Kalmar Sikh kanta ma'anarta almajiri. Kafin ya rasu a 1539, Nanak ya tsallake 'ya'yansa maza biyu ya naɗa almajirinsa Lehna, ya sa masa suna Angad.

Baƙaƙe da tukunya

Guru Angad ne ya daidaita baƙaƙen Gurmukhi, masu asalin haruffa 35, waɗanda da su ake rubuta Punjabi a ɓangaren Indiya har gobe. Matarsa Mata Khivi ta shahara da kula da langar, wato ɗakin girkin da ake ciyar da kowa kyauta. Guru na uku, Amar Das, ya kafa doka a Goindwal cewa duk mai son ganinsa sai ya fara zama a sahu a ƙasa ya ci abinci da jama'a. An ruwaito cewa har sarki Akbar ya bi wannan doka. Domin mu gane nauyin abin, mu tuna cewa a tsarin ajin haihuwa na Indiya, ɗan babban gida ba ya cin abin da hannun majemi ko mai shara ya taɓa. Zama a tabarma ɗaya a ci daga tukunya ɗaya rushe wannan katanga ne a aikace. Amar Das ya kuma yi hani da ƙona mace tare da gawar mijinta.

Guru na huɗu, Ram Das, ya kafa garin da ya zama Amritsar ya fara haƙa tafkinsa. Ɗansa Arjan, Guru na biyar, ya gina Harmandir Sahib a tsakiyar tafkin, da ƙofofi huɗu masu kallon kowace kusurwa, alamar cewa kowa na iya shiga. An gina shi ƙasa da dab'in garin, sai mutum ya sauka matakala kafin ya isa. Zinaren da ya sa ake kiransa Ɗakin Ibada na Zinare ya zo ne daga baya, zamanin Maharaja Ranjit Singh, wajajen 1830.

Aikin edita a 1604

A zamanin Arjan wata matsala ta taso wadda kowane marubuci zai gane. Duk Guru ɗin da ya yi waƙa yana rufe ta da sunan Nanak, domin sun ɗauki kansu haske ɗaya a fitilu dabam-dabam. Wannan ya buɗe ƙofa ga masu hamayya, musamman ɓangaren yayansa Prithi Chand da ya so kujerar, su ma suka riƙa fitar da waƙoƙi da sunan Nanak. Jama'a suka fara kasa bambance na gaske da jabu.

Arjan ya tattaro tsofaffin kundaye, ya zauna a Amritsar da magatakarda Bhai Gurdas, suka tace suka tsara. Aka kammala Adi Granth a 1604, aka ajiye shi a Harmandir Sahib, aka naɗa dattijo Baba Buddha mai kula da shi na farko. Littafin ya buɗe da lamba ɗaya, rubuce da adadi, a alamar da suke kira Ik Onkar, don kada a samu hanyar yi wa kaɗaitakar Ubangiji wata fassara. Bayan addu'o'in farko, an jera waƙoƙin bisa raga, wato karin kiɗan da za a rera kowace da shi. Cikin kowane kari an jera su bisa tsawo da siffa, sannan bisa jerin mawallafa. An warware matsalar suna da kalmar Mahalla da lamba: Mahalla 1 Nanak ne, Mahalla 3 Amar Das, Mahalla 5 Arjan. A ƙarshen waƙoƙi kuma ana rubuta jimillar da aka kai, ta yadda duk wanda ya cusa baiti ko ya cire, lissafi zai tona shi.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne waɗanda aka ba wuri a ciki. Ban da waƙoƙin Guru-Guru, akwai na bayin Allah 15 da ba Sikh ba ne: Kabir masaƙi daga Banaras, Ravidas baduku, Namdev tela daga Maharashtra, Sain wanzami, Sadhna mahauci, Dhanna manomi, da Shehu Farid na Pakpattan, sufi Musulmi ɗan ɗariƙar Chishtiyya da ya rayu a ƙarni na 13, wanda baitocinsa a littafin sun haura ɗari. Inda Guru ya ga maganar Farid ko ta Kabir tana buƙatar ƙarin bayani ko amsa, bai goge ta ba. Sai ya sa nasa baitin kusa da ita da lambarsa, mai karatu ya ga duka biyun. Harshen littafin ma gauraye ne na Punjabi da Braj da kalmomin Farisanci da Sanskrit, kuma ana kiran Ubangiji da sunayen da Hindu suka sani kamar Hari da Ram, da waɗanda Musulmi suka sani kamar Allah da Rahim da Karim. Sunan da ya fi yawa a bakin mabiya a yau shi ne Waheguru.

Takobi ya shigo

Shekara biyu bayan kammala littafin, a 1606, aka kashe Guru Arjan a Lahore bisa umarnin sarki Jahangir, wanda ya rubuta a tarihin rayuwarsa cewa Arjan ya nuna goyon baya ga ɗansa Khusrau da ya yi masa tawaye. Magajinsa Hargobind ya rataya takubba biyu, ɗaya na al'amuran duniya ɗaya na ruhi, ya gina Akal Takht yana fuskantar Harmandir Sahib. A 1675 aka fille kan Guru na tara, Tegh Bahadur, a Chandni Chowk cikin Delhi zamanin Aurangzeb. Mabiya Sikh suna tunawa da shi a matsayin wanda ya ba da ransa don kare 'yancin Hindun Kashmir na bin addininsu, addinin da shi kansa ba ya bi.

Ɗansa Gobind ya gaje shi yana ɗan shekara tara. A bikin Vaisakhi na 1699 a Anandpur, ya fito da takobi tsirara ya nemi wanda zai ba da kansa. Mutum biyar suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, daga azuzuwan haihuwa dabam-dabam. Ya dama ruwa da sukari a kwanon ƙarfe da takobi mai kaifi biyu, suka sha daga kwano ɗaya, sannan ya roƙe su su shayar da shi. Haka aka kafa Khalsa. Maza suka ɗauki sunan Singh, wato zaki, mata kuma Kaur, don sunan dangi ya daina fallasa ajin mutum. Daga wannan tsari ne alamomi biyar suka fito: gashin da ba a askewa, matajin katako, munduwar ƙarfe, gajeren wando, da takobi ko wuƙa mai suna kirpan. Rawanin da muke gani yana rufe wannan gashi ne, yana kuma sa a gane mai shi ko a cikin taro, ta yadda ba zai iya ɓuya ba ranar da ake neman mai tsayawa.

Guru Gobind Singh ya rasa 'ya'yansa maza huɗu a yaƙe-yaƙensa da dakarun Mughal: biyu a fagen daga a Chamkaur, ƙanana biyu kuma aka kashe su a Sirhind. Wani basarake Musulmi, Nawab na Malerkotla, ya fito fili ya ƙi amincewa da kisan yaran, kuma mabiya Sikh ba su manta masa ba. Daga baya Guru ya zauna a Damdama Sahib tare da magatakarda Bhai Mani Singh ya ƙara waƙoƙin mahaifinsa a littafin, nasa kuwa bai sa su ba. A 1708 a Nanded, yana jinyar raunin da wani mahari ya yi masa, ya sanar cewa babu sauran Guru ɗan'adam bayansa. Littafin ne Guru. Tun daga ranar ake kiransa Guru Granth Sahib.

Yini guda na ibada

Kowane bugu na littafin a yau shafi 1,430 ne, cikin kari 31, kuma ba sa cewa shafi, ang suke cewa, wato gaɓar jiki. Ana yi masa hidimar da ake yi wa sarki mai rai. A gurdwara, wato ɗakin ibadarsu, yana kan karaga a ƙarƙashin rumfa, an lulluɓe shi da kyawawan yadudduka, wani na tsaye yana kaɗa masa izga. Mai shiga zai cire takalmi, ya rufe kai, ya sunkuya a gabansa, ya zauna a ƙasa. A Amritsar kullum kafin gari ya waye ana ɗauko shi daga Akal Takht a kan wani gado mai rumfa da ake sabawa a kafaɗa, da dare a mayar da shi makwancinsa. Idan ka tambaye su za su ce ba takarda da tawada suke girmamawa ba, maganar da ke ciki ce.

Mai riƙo da addini yana tashi a sulusin dare na ƙarshe, lokacin da suke kira amrit vela, ya yi wanka, ya zauna ambaton Suna. Sannan ya karanta addu'o'in safe: Japji na Guru Nanak mai sassa 38, da Jaap Sahib da Savaiye goma na Guru Gobind Singh. Da faɗuwar rana ya karanta Rehras, kafin barci kuma Sohila, wadda ita ce ake karantawa a wurin ƙona gawa. Wannan jeri shi ne nitnem. A taro kuwa ginshiƙin ibada shi ne kirtan, rera waƙoƙin littafin da kiɗa. Har zuwa rabuwar ƙasa a 1947, makaɗa Musulmi masu bin sawun Mardana suna cikin masu rerawa a Harmandir Sahib.

Bayan kirtan sai a miƙe tsaye a haɗa hannuwa a yi Ardas, addu'ar da ke ambaton Guru goma da waɗanda suka mutu saboda addinin, ta ƙare da roƙon alheri ga dukan 'yan'adam. Sai a buɗe littafin ba tare da zaɓen wuri ba, a karanta waƙar da aka tarar, a ɗauke ta a matsayin umarnin wannan rana, hukamnama. Sannan a raba karah prashad, wani abin zaƙi da ake yi da garin alkama da man shanu da sukari daidai wa daida, kowa ya karɓa da tafin hannu biyu.

Littafin yana shiga duk wani babban al'amari na rayuwa. Idan an haihu, a buɗe shi, harafin farko na waƙar da ta fito shi ne harafin farkon sunan jariri. Idan aure ne, ango da amarya su zagaya shi sau huɗu ana rera baitoci huɗu na Guru Ram Das. Idan murna ko makoki, akan yi akhand path, sauke littafin gaba ɗaya ba tsayawa cikin kimanin awa 48, masu karatu suna karɓar juna. Babu wajabcin azumi, babu ajin limamai na gado. Ana son mutum ya fitar da kashi ɗaya cikin goma na samunsa, ya kuma yi seva, hidimar hannu: shara, wanke kwanuka, goge takalman baƙi, murza gurasa. Langar na Amritsar yana ciyar da dubun-dubatar mutane kullum da gurasa da miyar wake, ba nama a ciki don kowa ya iya ci. Wanda ya shiga Khalsa an hana shi abu huɗu: aske gashi, taba, zina, da cin naman da aka yanka ta hanyar yankan Musulmi.

Tsakanin littafi da rayuwa

Kada mu zana su kamar mutanen da ba su da saɓani. Da yawa daga cikinsu ba su sha ruwan Khalsa ba, kuma matasa masu yawa suna aske gashi. Littafin ya yi watsi da ajin haihuwa, amma a ƙauyukan Punjab ana samun gurdwara dabam ta waɗanda ake ƙasƙantarwa, kuma wajen aure har yanzu ana tambayar dangi. Ƙa'ida ta ba mace damar jagorantar kowace ibada, amma batun barin mata su yi kirtan a cikin Harmandir Sahib ya daɗe ana jayayya a kansa. Tsarin ibadar da muka bayyana ma sai da aka yi gwagwarmaya kafin ya daidaita. Bayan Turawan Ingila sun ci Punjab a 1849, ƙungiyar Singh Sabha da aka kafa a 1873 ta yi amfani da injin buga littattafai da makarantu wajen fayyace iyakar addinin. An zubar da jini a Nankana Sahib a 1921 wajen ƙwato wuraren ibada daga masu riƙe da su ta gado, aka samu dokar gurdwara a 1925, aka amince da kundin ƙa'idoji na Rehat Maryada a 1945.

Rabuwar 1947 ta tsaga Punjab biyu, mahaifar Nanak da Kartarpur suka faɗa Pakistan. A Yunin 1984 sojojin Indiya suka shiga harabar Harmandir Sahib don fatattakar 'yan bindigar Jarnail Singh Bhindranwale. Akal Takht ya lalace, ɗakin karatu na Sikh da ke harabar ya ƙone, tsofaffin rubuce-rubucen hannu masu yawa suka salwanta. Ranar 31 ga Oktoba dogaranta biyu 'yan Sikh suka kashe Firaminista Indira Gandhi, a kwanakin da suka biyo baya aka kashe mabiya Sikh kusan 3,000 a Delhi kaɗai. Shekara ashirin bayan haka, a 2004, Manmohan Singh ya zama Firaministan Indiya da shuɗin rawaninsa.

Mu da muke koyon rubutu, wata rana ɗayanmu zai sa baƙo a labarinsa, mutumin wata ƙasa ko wani addini. Abin da ke kanmu shi ne mu san abin da yake yi da asuba da abin da yake ƙin ci kafin mu sa masa magana a baki, domin rashin sani ya fi dare duhu. Akwai kuma abin dubawa a aikin da Arjan da Bhai Gurdas suka yi: sun sa wa kowane baiti sunan mai shi, sun ƙirga, sun bar maganar wanda suka saɓa da shi yadda take suka ajiye tasu a gefenta. Shekara ɗari huɗu da 'yan kai, littafin yana nan yadda suka tsara shi.

A Nuwamban 2019, lokacin cikar shekara 550 da haihuwar Nanak, Indiya da Pakistan suka buɗe wata 'yar hanya mai tsawon kilomita kaɗan zuwa Kartarpur. Kafin nan, masu ziyara daga ɓangaren Indiya sukan tsaya a bakin iyaka su hango farar ƙubbar da tabarau mai jawo nesa. Waɗanda suka samu tsallakawa ta wannan hanya sun isa gonar da aka fara abin, suka zauna a sahu a ƙasa, aka zuba musu abinci.